Maigida ya ce shi zai riƙe sitiyarin motar baya

Anti Sahadatu, don Allah ki agaza mini kafin doya ta fito. Ni 'yar kasuwa ce a Agbogbloshie cikin Accra, gidana unguwar Nima. Ina da lori da na sa kafinta ya yi wa ɗaki a baya, da katifa da murhu, a ciki muke kwana in mun hau arewa sari. Bana na sayi ƙaramar mota don shiga ƙauyukan da lori ba ya shiga. Direba ɗaya gare ni, dole lori ya ja ta.

Na san abin da nake yi sosai paa, ciniki bai taɓa kayar da ni ba. Maigidana Mika'ilu ne damuwata. Direba ne tun kafin a haifi 'ya'yanmu, amma yanar ido ta rufe masa gani, kuma ya ƙi yarda. Shekaranjiya turmi ya yi wa sallama a tsakar gida, na yi kamar ban gani ba. Yanzu ya sayo igiya mai kauri, wai a ɗaura, shi zai zauna a ƙaramar yana riƙe sitiyari da burki. Tun da ya ajiye tuƙi ban ga farin cikinsa haka ba, har hular direbansa ya wanke. Ni kuwa gangaren Mampong da ke kan hanyarmu nake tunawa. In na hana shi na karya shi, in na bar shi fa?

Mai Doya, Nima

Mai Doya, kin iya kasuwa, ga shi kin iya son miji. Ni ba makanike ba ce, don haka na kai wasiƙarki garejin ƙanena Kazeem a Maamobi, ga abin da ya ce.

Igiyar nan a ɗaure akuya da ita. Tafiya mai nisa ƙarfe take so: mai walda ya haɗa miki ƙarfe biyu masu kauri kamar gwafa, ƙafafun su kama shasin ƙaramar, ba bamba ba, kan ya shiga ƙugiyar lori da ƙusa mai makulli. A ƙara sarƙa biyu ko da ƙusar za ta zame. A ja waya daga lori zuwa fitilun bayan ƙaramar. A sa giyar ƙaramar a firi, a saki burkin hannu, a bar sitiyari ya bi da kansa. Nauyin duka yana kan burkin lori, saboda haka a gyara shi, a sauka gangare da ƙaramar giya, kuma kada a yi baya sai an kwance. In an yi haka, babu mai zama a ƙaramar, ko mai idon shaho ne.

Amma kada ki ɓuya a bayan ƙarfe. Malam Mika'ilu ba yaro ba ne, ya san idonsa fiye da ke, kunya ce ta hana shi faɗi. Ki ba shi kujerar gaba kusa da direba, shi zai duba ƙusa da sarƙa a kowane zango, hannu ke wannan aikin. Ki kuma kai shi wurin likitan ido, yanar ido takan ciru.

Sannan ki zaunar da shi ku biyu, ki faɗa masa gaskiya: ba raina tuƙinsa kika yi ba, tsoro kike ki dawo Nima ba shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku tare.