Kwalbar Ɗan Maraƙi a Aljihun Mijina

Yaya Tsermaa, ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma babu wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa wannan maganar.

Cikina wata shida, na fari. A ger muke zaune, wato zagayayyen tantin gargajiya, can saman birnin Ulaanbaatar inda hayaƙin kwal yake wuni. Tun da sanyi ya shigo rana ba ta taɓa jikina ba, in ban da kan hancina. Likitar unguwa ta rubuta min bitamin D, ƙwaya ɗaya kullum, kuma ban taɓa tsallakewa ba.

Mijina, bari in kira shi Gombo, direban babbar mota ne. Shekara uku da aurenmu bai taɓa ɗora tukunya ba. Kwatsam, sati biyar da suka wuce, ya ce shi zai riƙa dafa shayin madara na safe. Har daɗi na ji, ni sakara. To amma me ya sa yake juya min baya in zai zuba nawa? Me ya sa kofina ne kaɗai yake da maiƙo rawaya a sama? Ya miƙo min, ya tsaya a kaina sai na shanye, kuma kin san ba a mayar da shayi.

Ranar Talata na yi kamar ina gyara gado, na hango shi ta madubi. Ɗigo uku ya ɗiga a kofina. Da ya fita na laluba aljihun rigar sanyinsa, na sami wata 'yar kwalba, rubutunta ba na ƙasarmu ba, da hoton ɗan maraƙi. Na san irinta. Wansa makiyayi ne a karkarar Arkhangai, ita yake ba 'ya'yan dabbobin da hunturu ya galabaitar. Yaya, ni ce maraƙin?

Abin da ya fi ci min rai, ba ya maganar yaron ko kaɗan. Ran nan na yi masa wasa, na ce ina fata dai kada jaririn ya ɗauko ƙafafunsa, don gwame ne sosai, abokansa kullum suna tsokanarsa wai a kan doki aka haife shi. Sai ya tashi ya fice, ko hula bai ɗauka ba. Yanzu ƙishirwa ta addabe ni, tashin zuciya ya dawo, cikina ya ɗaure. Kwana biyu ke nan ina faki idonsa ina juye shayin a bokiti. So yake cikin ya zube? In tattara in tafi wurin mahaifiyata a garin Darkhan? Tsoro nake ji, kuma ina son sa, abin haushin ke nan.

Wadda Take Zubar da Shayi

*

Ƙanwata,

Mu fara da jikinki. Kada ɗigo ɗaya ya sake shiga bakinki. Yau ɗin nan ki ɗauki kwalbar, da ƙwayoyin da kike sha, ki kai wa likitarki. Ki faɗa mata ɗigo nawa, sati nawa, ki nemi gwajin jini. Irin wannan kwalbar galibi bitamin D ne a cikinta, shi kuwa yana taruwa a jiki ne, kuma in ya yi yawa yana cutarwa. Maganin dabbobi an auna shi don dabbobi, sau da yawa kuma a haɗe yake da bitamin A, wanda yawansa haɗari ne ga ɗan da ke ciki. Ƙishirwarki tana iya zama ta ciki kawai, tana iya zama alama. Ba ni zan raba wannan ba, gwaji ne. Ci gaba da ƙwayar ko dakatar da ita, likita ce za ta faɗa.

Gombo ya yi laifi babba. Ba a ɗura wa mutum magani a ɓoye, ko da niyyar ta kai madara fari. Fushinki yana kan gaskiya.

Amma zargin zubar da ciki, ban yarda da shi ba tukuna. Ki sake karanta wasiƙarki. Abin da ya nemo, wanda ake ceton raunana da shi ne. Ƙafafun nan kuwa, da wuya doki ne ya lanƙwasa su. Yawancin gwamen da na sani, rashin wannan bitamin ɗin ne tun suna cikin tsumma. Shekara nawa yana dariyar yaƙe in an tsokane shi? Mazanmu kuma ba sa ambaton abin da suke tsoro, gani suke ambatonsa kiransa ne. Ina jin tsoro yake kada yaron ya gaji ƙafafun nan, ƙwayarki ɗaya kuma ta yi masa ƙanƙanta a ido.

Ban ga zuciyarsa ba, don haka ki gwada shi. Ki ajiye kwalbar a gabansa, ki ce ya taso ku tafi asibiti tare. In ya musa ko ya ɗaga murya, hanyar Darkhan a buɗe take. In ya sunkuyar da kai ya ɗauko miki riga, to ki bar wasan ƙafa har abada, ki bar masa dafa shayinsa, amma daga yau yana fuskantarki zai zuba.

Ina yi miki fatan sauka lafiya, da yaron da zai taka ƙasa a miƙe.

Yayarki, Tsermaa