Mai Latsa Hoto Ya Goge Mana Layin Rijiya

Zuwa ga: Mai girma Daraktan Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Rijiyoyin Kiwo ta Adar ta Arewa, Tahoua

Daga: Malam Illa Muktari, shugaban kwamitin babbar rijiyar kiwo, Takanamat

Ranar Litinin, 28 ga Afrilu, 2025

Game da: Ɓarnar da ma'aikacinku Mushe Rashidu Talle ya yi wa kwamfutar kwamitinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, laifin da na kawo gabanka shi ne raini, irin na mutumin da ke cewa abin da idonsa bai gani ba babu shi. Mutanena sun san ni da karin magana, amma yau na ajiye, tunda takardar biro ce, wato ofis.

1. Garke arba'in da uku ke sha a rijiyarmu, kowane da ranarsa. Shekara huɗu ke nan Malama Balkisu Lawali, mai koyar da lissafi a kwalejinmu, ta haɗa mana wata 'yar manhaja da ke kiran salular kowane makiyayi ta gaya masa ranarsa da murya, da Hausa ko Fillanci ko Tamashak. Ba wanda ya sa ta. Manhajar ba ta cikin shagon nan na kwamfuta mai hotuna, inda ake latsawa abu ya sauko. Ta baƙin allon kwamfuta marar hoto ake shigar da ita, a buga umarni layi bakwai da hannu. Duk lokacin da kwamfuta ta sabunta kanta ta ɓata aikin, malamar ce ke zuwa bayan an tashi daga makaranta ta gyara.

2. Ranar Litinin 7 ga Afrilu, Mushe Rashidu ya iso da babur da baƙin tabarau. Ya buɗe shagon hotunan, bai ga manhajarmu a ciki ba, sai ya yanke hukunci cewa babu ita. Na gaya masa tana nan, domin ko a safiyar nan ta kira ni. Ya ce baƙin allo aikin mutanen da ne, kuma abin da biro bai sa wa hannu ba shara ne. Ni da na yi yaƙi da jahilci da furfura a kaina na san a tambayi mai abu kafin a taɓa. Shi mai takardun shaida bai sani ba.

3. A ranar ya goge komai, ya zuba sabo, ya canza kalmar sirri ya tafi da ita a kansa. Takardar da malamar ta rubuta layi bakwai ɗin ta manna a bango, ita ya ɓalle ya fifita gawayin shayi. A gabana aka yi, ranka ya daɗe.

4. Abin da ya saka mana a madadi yana da kyaun launi, ban hana shi wannan ba. Saƙo yake aikawa a rubuce, da Faransanci, zuwa ga mutanen da ke bayan raƙumi.

5. Ranar Alhamis 17 ga Afrilu, garke tara suka haɗu a bakin rijiya rana guda, har da na wajen Kalfu da suka yi tafiyar kwana biyu. An zare sanduna. Da ni da liman muka shiga tsakani, rawanina ya faɗi cikin kwatarniyar shayarwa. Bisashe sun kwana uku suna jiran guga, cikin wannan zafi. Na aika wa Mushe Rashidu sau uku. Amsarsa ita ce a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Mun kashe, mun kunna. Faransancin nan dai ne.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abu uku. A karɓo kalmar sirri daga hannunsa a damƙa wa Malama Balkisu kafin Litinin 5 ga Mayu, domin daga nan zafi zai kai maƙura, kuma in aka sake haɗuwa irin waccan ba rawani kaɗai zai faɗi ba. Ta ce layi bakwai ɗin suna kanta, kuma ta ajiye kwafin manhajar a gida. Na biyu, a rubuta a takarda mai hatimi cewa manhajarta tamu ce, kada wani mai babur ya sake kiranta shara. Na uku, duk wanda za ku turo mana nan gaba, a gwada shi a gaban baƙin allo tukuna.

Ban nemi a hore shi ba, domin rijiya ta riga ku. Ashe shanunsa uku na kiwo a hannun Abdurazak suke, makiyayin da bai iya karanta saƙon ba ya zo ranar da ba tasa ba. Karsana ɗaya ta faɗi ranar Asabar 19 ga wata, ba ta tashi ba. Saniya ɗaya ta zubar da ciki. Ta ukun Abdurazak ya kora masa ita har ƙofar gida, ya ce ya latsa hoto ya shayar da ita.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

Malam Illa Muktari
Shugaban kwamitin babbar rijiyar kiwo, Takanamat