Ramin Gawayin da Ya Ci Ƙafar Mahaifina a Gandun Tsamiya Uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin da ke Kula da Gandun Tsamiya Uku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi Abdulkarim. Malamar makaranta ce ni, ina zaune a Abena, nan N'Djamena. Ban so wannan magana ta fito fili ba. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku sakatarenka yana ce mini kana taro. Takardar koken da na bari an buga mata hatimi a gabana, yau wata biyu ke nan ba amsa. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani da kake jin nauyinsa ya miƙa maka.

Maganar a kan mahaifina ce, Malam Abdulkarim, tsohon leburan gandunku. A unguwar Bololo aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar zuwa Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna, mu ma muka samu kanmu a nan. Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana aiki a pepiniyer ɗin gandun, inda ake renon dashe. Shi da abokan aikinsa suka dasa dalbejiya da turare da maɗacin da ke gefen gabas, suna ɗauko ruwa a garwa daga tabki lokacin da babu famfo. Abokan duk sun riga mu gidan gaskiya, shi kaɗai ya rage. In ka sa an duba tsofaffin takardunku za a ga sunansa.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce yana da ciwon sukari, ya ce ya riƙa tafiyar ƙafa. Titin unguwarmu ba wurin tafiyar tsoho ba ne, babura ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Sai na fara kai shi gandun duk Lahadi. Mukan fita bayan sallar asuba, mu shiga motar haya zuwa mararraba, mu biya sefa ɗari biyar kowannenmu a ƙofa, a ba mu tikiti. Mu bi ta cikin itatuwa har mu ɓulla fadamar da ke bayansu, wurin da ciyawa take kai mutum ƙugu, ba gida ba gona iyakar ganinka. A can ne yake komawa yaro. Idanunsa sun yi rauni, amma kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Yakan tsaya ya ɗaga yatsa ya ce mini gauraka ne, biyu, suna bakin tabki, in duba kuwa in gan su. Ya nuna mini sawun barewa a laka, da inda zabbi suka yi wankan ƙasa, da ramin damo. Ni da nake koya wa yara sunayen dabbobi da Faransanci a allo, a wurinsa na san su da ransu.

Ga abin da ya faru, zan jera maka shi yadda ba za a ce na yi ƙari ba.

Na ɗaya. Tun bara muka fara ganin kututture inda da akwai itatuwa. Da farko nan da can, daga baya layi guda. Muka fara jin warin hayaƙi daga cikin gandun. Mahaifina ya ce mini ana toya gawayi ne, ya san warin ɗanyen maɗaci in yana ci a ƙarƙashin ƙasa. Rannan ya je da kansa wurin babban mai gadin ƙofa, ya gaishe shi da ladabi, ya faɗa masa. Mai gadin ya yi dariya ya kira shi tsoho da Larabci, ya ce: "Ya shayib, makiyaya ne suke dafa shayi." Sau biyu bayan haka muna sake faɗa. Na ukun ma na rubuta a littafin baƙi da ke kan teburin ƙofa, na sa hannu. In ba a yage shafin ba, yana nan.

Na biyu. Lahadin farko ta watan Nuwamba, da hantsi, muna dawowa daga fadama, muka tarar an sare wata babbar dalbejiya ta faɗo ta tare hanyar ƙafa. Tsoho ba ya iya tsallaka ta. Muka ratse ta dama, taku goma bai fi ba. Ƙasar wurin a share take, an watsa mata yashi da busasshen ganye, ba hayaƙi, ba alamar komai. Yana gaba da sandarsa, ina biye da jakar ruwa. Sai na ga ƙasa ta burma da shi. Ƙafarsa ta dama ta nutse har gwiwa, toka ta tashi, zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tanderu. Rami ne na gawayi da aka kwashe rabinsa aka rufe sauran, garwashi na nan da ransa a ciki.

Ranka ya daɗe, ban san ko ka san abin da ciwon sukari yake yi wa ƙafa ba. Yana kashe mata ji. Mahaifina bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa yana cewa, "Rabi, me na taka?" Sai da zafin ya kai masa ƙauri sannan ya yi salati. Na kama shi ta hammata na ja, muka faɗi tare. Takalminsa na roba ya narke ya manne da tafin ƙafar. Na sa hannu zan cire, fata ta biyo. Tabon yana nan a yatsuna, da su nake rubuta maka wannan.

Na uku. Na juye masa duk ruwan da ke jakata, na jingina shi da kututture, na ruga ƙofa. Tafiyar da muke yi a rabin sa'a na yi ta a guje, mayafina a hannu. Masu gadi biyu na tarar, da wata ƙaramar motar kaya a bayan ɗakin gadi, an lulluɓe kayanta da tamfol. Na roƙe su don Allah su ba da motar a ɗauko shi. Suka ce direban ba ya nan. Na roƙi babur ɗin da ke jingine a bango, suka ce ba mai. Na tambayi akwatin magani, suka kalli juna. Ɗayansu ya tambaye ni abin da ya kai mu barin hanya. Da iska ta ɗaga gefen tamfol ɗin, na ga buhunan, na ga baƙin garin da ya zuba a ƙasa. Ban ce na san mai motar ba. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Wadda ta cece mu wata Balarabiya ce mai tallan nono, ana ce mata Hajje Fatime, tana wucewa da amalanken jakinta za ta kasuwa. Ba ta san mu ba. Ta sauke ƙorenta a gindin bishiya ta bar su, ta juya jakin ta bi ni. Mu biyu muka ɗora shi, ta cire nata mayafin ta yi masa inuwa, ta kai mu bakin kwalta. Nonon nata na ranar ya lalace a rana. Da na ɗauko abin da ke jakata zan ba ta, ta ture hannuna ta ce ita ma tana da uba. Sai bayan azahar muka isa asibiti.

Na huɗu. Kwana goma sha ɗaya likitoci suka yi suna faman wanke ciwon. Kullum safe in an kwance bandeji, baƙin ya ƙara hawa. A kwana na sha biyu likitan ya kira ni waje ya ce ko ƙafa ko rai. Ni na sa hannu a takardar, domin yayana yana can kudu wurin aiki, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe da rasuwa. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Da ya farfaɗo ya ɗaga zanen ya duba, ya mayar ya rufe, ya ce Allah ne ya ba da, shi ya karɓa. 

Yanzu yana ɗakina. Mutumin da bai taɓa yarda a riƙe masa buta ba, sai an ɗauke shi zuwa bayan gida. Sallah a zaune yake yinta. Hannuwansa ba su da ƙarfin sanduna, an gwada, ya faɗi sau biyu. Da safe yakan sa a fitar da shi tsakar gida ya zauna yana sauraron sama, amma a Abena babu abin da ke wucewa sai kurciya da jirgi.

Na biyar, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Mako guda da fitowarmu asibiti, wani mutum ya yi sallama a gidana, ya ce daga wurin masu gadin gandu aka aiko shi ya yi mana sannu. Ya ajiye ƙullin ganyen shayi da kwalin sukari. Sukari, ranka ya daɗe, ga mutumin da sukari ya taimaka wa wuta ta ci ƙafarsa. Ya ce ƙaddara ce, musulmi ba ya ja da ƙaddara, kuma manya sun ji ina yawon ofis, gara in bari, tunda ni ma ma'aikaciyar gwamnati ce. Na mayar masa da kayansa har bakin ƙofa. Na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ƙaddara ba ta riƙe shebur. Mutum ne ya haƙa ramin, mutum ya cika shi da itacen gwamnati, mutum ya cinna wuta, mutum ya rufe da yashi don kada a gani, mutum kuma ya karɓi kuɗinmu a ƙofa ya bar mu muka shiga.

Sakatarenka ya ce mini laifinmu ne da muka bar hanya. Ina so ka tambaye shi wa ya sare itacen da ya tare hanyar.

Makon jiya na koma, ni kaɗai, ban faɗa wa mahaifina ba. Na yanki doguwar gora ina caka ƙasa kafin kowane taku. Tsakanin ƙofa da fadama na ƙirga ramuka bakwai, biyu daga ciki kan gorar ya fito da ɗumi. Gefen gabas ya zama fili. A bakin tabki na ga tarkunan waya, da gashin zabbi a warwatse, ban ga gauraka ko ɗaya ba. Na ga mata uku masu yankan ciyawa suna ratsa wurin ba takalmi, ɗaya da goyo. Na tsayar da su na nuna musu. Ba wanda ya taɓa faɗa musu.

Ba na neman ka biya ni ƙafa, ba a sayar da ita a kasuwar Dembe. Ga abin da nake roƙo.

Ka je da kanka, ba aike ba, kuma kada ka sanar da zuwanka. Ka shiga ta gefen gabas, ka tafi da gora.

A tone ramukan a kashe su da ruwa a cike su. Kafin a gama, a rufe ƙofa, a daina karɓar kuɗin mutane, a aika wa ƙauyukan da ke kewaye da gargaɗi da bakin da suke ji, domin masu ciyawa da makiyaya ba ta ƙofa suke shiga ba, ba sa kuma karanta allo.

A binciki masu gadin da ke bakin aiki a ranar, a gano mai motar. Ni a shirye nake in maimaita abin da na gani a gaban kowa, in rantse a kai. Hajje Fatime ma ta ce za ta zo.

A ajiye akwatin magani da abin hawa mai mai a cikinsa a ƙofar.

Na ƙarshe, ka zo ka gaishe shi. Ba ya bin ka bashin komai da bakinsa, hasali ma ya hana ni rubuta wannan takarda, ya ce ba ya so a raba wani da abincin 'ya'yansa ta dalilinsa. Na saɓa masa, karo na farko a rayuwata, na kuma faɗa masa zan saɓa. Sai ya ce to in zan rubuta, in tuna maka cewa maɗaci yana shekara talatin kafin ya yi inuwar da mutum zai shimfiɗa tabarma, kuma waɗanda suka rage a bayan tsohuwar rijiyar gandun, in an hanzarta, za a same su a tsaye.

Na isar da saƙonsa. Na kuma san abin da zai iya biyo bayan wannan wasiƙa a wurin aikina. Na sa sunana duk da haka.

Allah ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka. Allah ya haɗa ka da ma'aikata masu tsoronsa, ya raba ka da masu rufe maka gaskiya. Allah ya kare iyayenka in suna raye, ya jiƙan su in sun rasu. Allah ya ba ka tsufa mai albarka, ya sa ka taka zuwa masallaci da ƙafafunka biyu har ranar da za a ɗauke ka.

Wassalam.

Rabi Abdulkarim,
Abena, N'Djamena.