Tumatirin Mijina Zai Rufe Teburin Kawuna

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, domin yadda abubuwa ke tafiya, ko miji ko kawu, ɗaya sai ya suɓuce min.

Mijina malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali, har bara da ya halarci wani taro kan yadda unguwa za ta dogara da kanta. Tun da ya dawo ban sake samun sukuni ba. Ya kafa kwamiti, aka naɗa shi shugaba (shi ya naɗa kansa, amma a bar wannan maganar), ya shiga bin gida-gida yana wa'azin kowa ya shuka abin da zai ci. Ni ban ƙi ba, abin alheri ne. Amma tsakar gidana yanzu ba wurin sa ƙafa. Buhunan ƙasa, tsofaffin bokitai, har bahon wankan yara ya huda ya yi shuka a ciki. Igiyar shanyata ta koma ta ɗaure reshe. In kuwa na kuskura na zubar da ruwan wanke-wanke a kwata, ranar sai na sha lacca.

Duk wannan zan iya haƙuri. Inda gizo ke saƙar shi ne, iri ɗaya tak ya raba wa mutane: tumatir. Tare aka shuka, tare ya nuna. Yanzu in na aika wa maƙwabciya da kwano guda, kafin ya isa nata ya iso gidana. Matar tela har ɓuya take yi in ta hango ni da roba a hannu.

To Anti, kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama har ya aurar da ni, shi ne mai teburin kayan miya a bakin layinmu. Da tumatir yake jan ciniki, wanda ya zo sayensa shi ke haɗawa da albasa da attaruhu. Yanzu yini yake yana korar ƙuda, kaya na ruɓewa a kwando. Shi kuma bawan Allahn nan mijina, ranar da ya yi tsinkar farko, sai ya cika kwano ya kai wa kawu har teburi, wai a sa albarka! Kawu ya karɓa ya yi godiya, tun ranar bai sake taka gidanmu ba. Jiya matarsa ke gaya min yana maganar naɗe teburin ya zauna a gida. Wallahi sai da na yi kuka. Na yi wa maigida magana, ya ce ai kowane gyara da zafinsa. Ina son mutumin nan, kuma na manta rabon da in gan shi cikin walwala haka. Yaya zan yi?

Matar Shugaba

Matar Shugaba, sannu da fama. Ina ta dariya har na iso kan kwanon da aka kai wa kawu, a nan dariyar ta tsaya.

Mu fara ba mijinki haƙƙinsa. Namijin da ya dawo daga taro ya kama cika buhu da ƙasa ya fi wanda ya dawo da surutu kawai, don haka kada ki kashe masa gwiwa. Sai dai ya yi tuya ya manta da albasa. Mai teburi ma ɗan unguwa ne, kuma dogaro da kai da zai raba dattijo da sana'arsa da sauran gyara. Shi ma kawu, ba za a hana mutane shuka don teburinsa ba, fushi kuma ba ya dawo da ciniki.

Ki samu maigida ya ci ya ƙoshi, ba a gaban 'yan kwamiti ba. Kada ki ce masa ya yi kuskure, ki ce ga wani aiki da sai shugaba. A raba iri, wasu gidaje alayyafo, wasu albasa, wasu barkono, a kuma saɓa lokacin shuka. Tumatirin da ya yi yawa yanzu a yanka a shanya. Sauran a riƙa tarawa a teburin kawu yana sayar wa masu wucewa da 'yan wasu unguwanni, da kasonsa a ciki, ya ma huta da zuwa sari. Amma kada ku yanke hukunci ku kai masa. Mijinki ya je ya durƙusa ya nemi shawararsa tukuna.

Kafin duk wannan, ke ki riga shi zuwa. Ki zauna a gefen teburin ki yi hira, ki sayi abin miyarki a gaban kowa. Rashin ciniki ba shi kaɗai ke cin kawu ba, yana ganin 'yar da ya riƙe ta yi shiru ana kashe masa kasuwa. Ki je ya ji daga bakinki cewa ba haka ba ne.

Allah ya bar ki da su duka biyun, ya sa albarka a gona da teburi.