Rasuwar Malam Dabo Mai Jan Ƙyalle da Roƙo Kan Gonarsa

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoman Gero da Wake ta Yankin Illela ta samu labarin rasuwar dattijonta, ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa ta, kuma Mai Kula da Iri na ƙungiya, Alhaji Malam Dabo Mukhtar Gidan Katta, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidansa, bayan jinyar kwana biyar, yana da shekara sittin da tara a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shafe shekara ashirin da biyu yana bin abu guda. Tun da ya lura damina ta soma yi mana gajarta, ruwa ya sauka a makare kuma ya ɗauke gero bai nuna ba, sai ya ƙudurta a ransa cewa zai samar wa manoman yankin nan irin geron da zai nuna cikin kwana sittin. Bai yi boko ba, ba shi da ɗakin gwaji. Abin da yake yi duk shekara shi ne ya bi gonarsa kunya bayan kunya, duk zangarniyar da ta riga 'yan uwanta fitowa ya ɗaura mata jan ƙyalle, ranar girbi ya yanke waɗannan daban ya rataye a ɗakinsa, baɗi su kaɗai zai shuka. Kwanakin kuwa da gawayi yake zana su a bangon zaurensa, tun daga ranar shuka. Ya fara da tiya ɗaya da ya samo a Ƙonni, mai nuna a kwana tamanin da biyar, bara ya sauko da shi zuwa sittin da shida. A tsakanin nan fari ya ƙone masa gona sau uku, tsuntsayen jan-baki sun share ta sau biyu, akwai kuma shekarar da iyalinsa suka yi ta shan garin rogo alhali irin yana rataye a kansu, bai yarda an taɓa ba. Mu kuwa muna kiransa Mai Jan Ƙyalle, kuma Allah Ya sani ba don yabo muka laƙaba masa sunan ba. Ranar kasuwa har tambayarsa ake yi ko geron nasa ya soma nuna tun a cikin buhu, ya yi murmushi ya wuce.

Akwai abin da ƙungiya ta daɗe tana ɓoyewa, yau kuma ba za ta iya yi wa mamacinta ta'aziyya ba tare da ta faɗe shi ba. Shekara tara da suka wuce, marigayin yana kwance a asibiti a Sakkwato lokacin girbi, sai muka kira masa gayya don mu taimake shi. Mutum arba'in suka fito daga Gidan Katta da Lafani da Garu, kafin azahar an yanke gonar kaf, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, muna ta jin daɗin kanmu. Ƙyallayen nan mun ɗauka na korar tsuntsu ne, muka kwance muka yar. Aikin shekara goma sha uku ya cakuɗe da sauran hatsi a wuni ɗaya. Da ya samu sauƙi ya dawo, gida gida ya bi mu da goro yana godiya. Sai bayan shekara muka ji daga bakin mai ɗakinsa, Hajiya Ramatu, cewa mako biyu ya yi a bakin rumbu yana kwance dami yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga shaidar ɗauri a wuyanta. Goma sha ɗaya ya samu, kuma da su ya sake ɗaukar aikin. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka kwance ƙyallen da hannunsu, har yau abin yana ci masa rai.

A madadin Shugaba, Majalisar Dattawa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Ramatu, da babbar 'yarsa Malama Mahbuba Dabo, da sauran 'ya'ya da jikoki, da al'ummar Gidan Katta baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa haƙurin da ya yi da mu ya zame masa haske a kabarinsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi. Mu ma Allah Ya yafe mana.

A ƙarshe, ƙungiya tana da roƙo ga jama'a. Ranar da marigayin ya cika, zanen bangon zaurensa yana kan kwana hamsin da huɗu, kuma a gonarsa yanzu haka akwai zangarniya sama da ɗari uku ɗaure da jan ƙyalle. Kwana sittin zai cika ranar Litinin mai zuwa. Ko za su nuna a ranar ko ba za su nuna ba, babu wanda ya sani, shi ma ya tafi bai sani ba. Malama Mahbuba, wadda ta ci gaba da zana kwanakin tun da ciwo ya kwantar da shi, ita kaɗai za ta shiga ta yanke su. Muna roƙon 'yan uwanmu makiyaya su kau da dabbobi daga wajen, muna kuma roƙon duk mai niyyar zuwa gayya ya zo, amma ya ajiye laujensa ya tsaya a bakin gona har ta fito. Mun taɓa taimakonsa sau ɗaya, ya isa.

Sa hannu:
Malam Muhyiddeen Faruk Garu
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Manoman Gero da Wake ta Yankin Illela, Jihar Sakkwato