Ruwan ƙofa ya koma gindin lemo

Yaya Hamisu,

Gaisuwa mai yawa daga Gangara. Ina lafiya, ina aiki? Ya Rabi da yara, ya zafin Agadas? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka! Ruwan da ke shigowa ta dokin ƙofa, wanda ya jiƙa mana gero bara, mun rabu da shi. Kawu Idi ya ɗaga dokin da siminti, ya haƙa wa ruwan hanya zuwa gindin lemon da ka dasa. Jiya an sheƙa ruwa, Inna ta shafa ƙasan zaure ta ji a bushe, sai guɗa!

Lemon da muka fid da rai da shi har ya fara 'ya'ya. Inna ta ce ba mai tsinkar ko ɗaya sai ka zo. Don Allah kada ka bari su ruɓe.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza