Sakataren Baba Ya Fara Kurumcewa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa baƙuntar nan ta zame maka alheri. Mu ma nan mun gode Allah. Maigidana yana nan yana fama da aikin garejinsa, Goggo kuma ƙafar ta yi sauƙi har ta koma yawon barka da gaisuwar mutuwa, ka san ta ba ta zama. Baba yana cin abinci, yana shan magani, hawan jinin ya sauka. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Ɗakina da nasa bango ɗaya ne, kuma kunnen Baba ya fi na kowa a gidan nan, ko raɗa na yi a waya sai na tarar yana kallona.

Maganar Sakatare ce ta sa na zauna rubutu. Na san ka tuna da shi, 'yar na'urar nan mai kamar tafin hannu da ka aiko wa Baba tun yana aikin safiyo, wato awon filaye, tun kafin wayoyin shafa su cika duniya, wadda ya raɗa wa wannan suna saboda ita ke tuna masa ranakun aiki. Da muna yi masa dariya in ya zaro tsinkenta na roba yana zane-zane a gilashi. To ashe Allah ajiya ya yi mana. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye harshe ya ƙi, ita ce bakinsa. Kansa garau yake, Yaya, amma in ka ba shi biro a hagu, abin da zai fito ko kaza ba za ta yarda ita ta yi ba. Wayar da ka aiko bara kuwa, yatsansa na rawa, ya nufi harafi ɗaya ya danne uku, ranar da ya gaji ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Sakatare kaɗai ke gane shi, domin haruffansa zane ɗaya-ɗaya ne a ɗan filin da ke ƙasan allo, kuma hannun Baba ya haddace su tun yana da ƙarfi. Ya ja layi a karkace, shi kuma ya fito da harafi tsaf kamar na jarida. Da shi yake neman ruwa, da shi yake ce mini shayina ya yi salam, da shi ya gaya wa likita ainihin inda ke masa ciwo.

Ni kuwa na zama baiwar Sakatare, ba na Baba kaɗai ba. Batir biyu ƙanana yake ci, irin na rimot, kuma in za a canza sai a cire ɗaya a sa ɗaya da hanzari, in aka yi nawa duk abin da ke cikinsa ya tafi. Ba wanda Baba ya yarda ya taɓa murfin sai ni. In na fita kasuwa hankalina na gida, don Goggo ba ta ganin rubutun allon, maigidana kuma ba ya nan da rana. Aikina na ɗakin gwaje-gwaje na bar shi, bikin ƙawata ban je ba, ko gidan maƙwabta a tsaye nake gaisawa. Ban faɗa don ka ji tausayina ba, ubana ne. Amma wallahi wani lokaci in na tsaya a tagar kicin ina kallon mata suna tsallaka titi da jakunkunansu, sai in ji kamar in tattare zani in bi su da gudu.

Yanzu ga abin da ya faru. Gilashin da ke jin tsinke ya fara mutuwa. Da farko in Baba ya taɓa nan sai ya amsa can, sai in shiga wurin saiti, ya nuna 'yar alama a kusurwa, in danna tsakiyarta, ya daidaita. Daga baya alamar ta fara yi mini wasan yara, in danna ta koma wata kusurwa, in bi ta ta dawo, ba shiga ba fita, sai na tsokani ramin bayansa da allura ya farfaɗo. Yanzu kuma ɗan filin rubutun ne ya ƙuje, wurin da tsinke ya shekara yana bi ya yi fari, rabinsa ba ya ji sam.

Na ɗauke shi na kai wa mai gyara a layin 'yan waya, bayan na yi wa Baba rantsuwa zan dawo da shi kafin la'asar. Wani dattijo ne mai tabarau biyu, wanda suka ce shi kaɗai ya taɓa ganin irinsa. Ya juya shi ya yi dariya, ya ce rabonsa da wannan tun yana da gashi. Ya kwance ƙananan kusoshin baya, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe jariri. Ya ce gilashin da allon haɗe suke da wani siririn kebul mai kamar ɓawon albasa, ya bushe, in ya ɗaga shi zai iya karyewa, kuma in ya karye shi ke nan. Ya ce ko bai karye ba, ba shi da gilashin da zai sa, an daina yin su tun tuni. Na ce to in na bar shi fa? Ya ce mutuwar za ta ci gaba da cin gilashin har ta gama. Ka gani, gaba kura baya sayaki. Na tambaye shi ko a kwashe abin da ke ciki, ya ce sai da mazauninsa, wanda ake dasa shi a kai a jona, da kwamfuta mai tsohon baki, mu kuwa mazaunin ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gida ya fara yi wa Baba baki. Da ya yi ƙara sai Goggo ta ce fanka yake so a kashe, Kawu ya ce a'a, addu'a yake nema, a taru a kansa ana tofi, shi kuwa filo ne ya zame masa. Goggo ta ce mini ai labarin zuciya a tambayi fuska. Na ce mata wace fuskar, wadda rabinta ba ya motsi? Ta yi fushi ta ce Auta ba ta da kunya, na ba ta haƙuri. Har Kawu ya fara zancen a mayar da Baba gidan shi Kawun, wai ya tambaye shi ya gyaɗa kai. Yaya, kan Baba kullum a gyaɗe yake, ciwon ne. Mutumin da ya auna filayen rabin garin nan yau ana yanke masa magana yana kallo.

Don haka roƙona, don Allah ka bar duk abin da kake yi ka shiga shagunan tsofaffin kaya na wajenku. Na kwafo lambar da ke cikin murfin batir a 'yar takardar da na haɗo. Ko matacce ka samu ka saya, gilashin muke so, in da mazauni ka haɗo. Kada ka aiko sabon abu mai tsada, na roƙe ka, ba zai karɓa ba kuma hannunsa ba zai koya ba.

Jiya da hantsi na gaya masa zan rubuto maka, na ce ko yana da saƙo. Ya miƙo hannu na ɗora masa Sakatare a kan filo. Ka san ba ya kallon allon in yana rubutu, idon ya yi rauni, sama yake kallo hannu na tafiya. Ya daɗe yana rubutu, Yaya, bai taɓa daɗewa haka ba. Ya tsaya ya huta ya ci gaba, har hawaye ya gangaro ta gefen lafiyayyen idon. Da ya gama ya turo mini, na buɗe baki zan karanta masa kamar kullum, ya ɗaga hannu ya hana ni, alamar wannan tsakaninku ne. Na duba allon. Ba komai a kai sai harufa uku ko huɗu a warwatse. Na ce masa to Baba, zan kwafe duka. Ya lumshe ido ya saki ajiyar zuciya, har barci ya ɗauke shi.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan Babban Mutum da 'yar takwarata. Goggo da Kawu da maigidana duk suna gaishe ka. Baba ya aiko maka da saƙo mai tsawo, ni ban san me ya ce ba, kuma yana jiran amsa. In ka kira, ka ce masa ka ji, ka kuma yarda.

Wassalam. Taka har kullum,
Auta